Nono Ɗaya Naka, Ɗaya Nasa

Da sunan Allah mai rahama, mai jinƙai.

Daga Waca zuwa barikin Magariya, a danƙa a hannun Na-Tsohuwa.

Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, jiki da zuciya. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙannenka suna gaishe ka, mutanen unguwa kuma kullum sai sun tambaye ni labarinka. Allah ya tsare gabanka da bayanka, ya sa ka gama da duniya lafiya.

Malam Habu ne ke riƙe da alƙalami, ni ke faɗa. Da muka zauna ya tambaye ni sunan wanda za a kai wa takardar, sai ka ce ba shi ya koya maka allo ba, wai don ya ji ko zan faɗa. Na ce masa ya rubuta abin da ya sani a bayanta, ni dai bakina bai taɓa kiran sunan nan ba, ba kuma yau zai fara ba. Kai ne ɗan fari. Kakarka ce ta rene ka, Allah ya jiƙanta, shi ya sa ake ce maka Na-Tsohuwa, kai kuma ka tashi kana ce mini Yaya. In ka shigo ɗaki sai in nemi abin yi a waje. Da wannan kunyar muka rayu har gemu ya fito maka, kuma da ita ce maganar da ke cikina ta ƙi faɗuwa ido da ido. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau zan faɗa, ka yi haƙuri da tsawonta.

Ranar da ka zo yi mana sallama, da jar hularka da ɗamarar fata, yara suna bin ka har ƙofar gida, na leƙa ta kafar zana na gan ka. Ka yi kyau, ba zan ɓoye ba. Tafiyar babanka ce sak. Ka ajiye kaza a bakin ɗakina, ƙafafunta a ɗaure, ka ce, "Yaya, ga wannan ki yi romo."

Daga bayan ƙofa na ce, "Nawa ka saye ta?"

Ka yi dariya ka ce, "Saye? Ai ba ni aka yi, a wani ƙauye bayan Bande. Ko baki ban buɗe ba, mai gari ya sa aka kamo mini."

Da murna ka faɗa, kamar mutanen nan sun ga wani abu a fuskarka ne suka so ka. Bayan ka tafi na zo kwance ta, sai na ga ɗan jan zare a ƙafarta, irin wanda mace kan ɗaura wa kazarta don ta gane ta cikin na maƙwabta. Kazar wata ce, Na-Tsohuwa. Wata ce ta tara mata tsaki, ta kore mata shirwa, tana jiran ta yi ƙwai ta sami na gishiri. Na kasa yanka ta. Tana nan tana kiwo cikin nawa.

Yanzu kuma na ji an ce za a riƙa tura ka rangadi ƙasar Dungas, karɓar lanho, harajin nan na Turawa, da ɗibar mutane aikin hanya. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. Ban ce ka bar aiki ba. Na san abin da ya kai ka aikin gardi, dogarin Turawa, gona ta ƙi ba da kai, kuma da ba ka shiga ba da kai ma an ɗebe ka fasa dutse. Na kuma san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma hanyar da za ka bi a kan doki, ni na bi ta da ƙafa, kana bayana, kuma akwai abin da ya same ka a kanta wanda ba ka sani ba. Tsorona kada ka ɗaga hannu a kan wanda bai kamata ba.

A shekarar babbar yunwa ne, wadda kuke jin tsofaffi suna lissafin haihuwa da ita. Damina ta yi gardama, gero ya bushe tun bai fid da kai ba. Muka cinye na rumbu, muka cinye iri, muka koma dusa da tafasa, har gidan tururuwa mun tona muna neman tsabar da suka ɓoye. Da rani ya tsananta babanka, Allah ya haskaka kabarinsa, ya ce mu nufi kudu, an ce akwai rogo a ƙasar Kano. Tsohuwa, kakarka, ta so a bar mata kai, amma kana kan nono, ko zama ba ka fara ba. Haka na goya ka muka fita. Ina yarinya lokacin, goyon ma ban iya shi sosai ba, kuma in da mutane sai in riƙa yi kamar ƙunshin kaya ne a bayana, kada a ce ina son ɗan fari.

Ba mu yi nisa ba guzurinmu ya ƙare. Wata rana da rana ta take muka isa wani ɗan ƙauye, muka zube gindin tsamiya kusa da wani gida. A ƙofar gidan wata tsohuwa ce zaune tana tsame anza daga ruwa. Ka san anza, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya fita, ba mai cin ta sai yunwa ta kai yunwa. Ta dube mu ta ce, "Baƙi, ku matso, bisimilla."

Ni kuwa 'yar gidan mutunci, wai kada a ga kwaɗayina, caraf na ce, "Alhamdu lillahi, Inna, yanzu muka ci."

Cikina kuwa ƙugi yake har babanka yana ji. Ya harare ni, amma ya kasa ƙaryata matarsa a gaban baƙuwar fuska. Tsohuwar ta dubi leɓena da suka tsattsage, ta ci gaba da aikinta. Can sai ta ce, "'Yar nan, zo ki taimake ni. Harshena ya tsufa, ba na bambance ɗaci. Ɗanɗana mini ki ji ko ta yi."

Na ɗanɗana na ce, "Ta yi, Inna."

Ta ce, "A'a, ta sama kika ɗauka. Ɗebo ta ƙasa, can ɗaci ke kwanciya."

Na ɗebo ta ƙasa. Ta ce in ƙara ta gefe. Sannan ta ce, "Kira mijinki shi ma, harshen namiji daban ne."

Haka muka yi ta ɗanɗano, ni da babanka, har muka ga gindin ƙwarya. Ta leƙa ta ce, "To, ashe ta yi." Sai da muka bar garin na gane abincinta na yinin nan muka cinye, kuma ta bi ta wannan hanyar ne don kada ƙaryata ta kunyata ni. Girman kai rawanin tsiya ne, na kusa kwana da yunwa saboda shi, da goyo a bayana. Don haka in wanda ba ya tsoronka ya miƙo maka abu, ka karɓa da hannu biyu, komai ƙanƙantarsa, kada ka sa shi roƙonka. In kuma kai ne mai bayarwa, ka nemi dabarar da mai karɓa zai tashi da mutuncinsa. Ban ga wanda ya iya wannan kamar tsohuwar nan ba.

Da muka ci gaba ƙafafuna suka kumbura, rairayi kuma ya yi zafi. Ina ɗingishi muka gamu da wani mutum da jakinsa, shi ya nufi arewa, mu mun nufi kudu. Muka gaisa ya wuce. Ya ɗan yi gaba sai ya tsaya ya waiwayo. Ya sauke mangalarsa ya tura ta cikin sabara, ya juyo da jakin ya ce wa babanka, "Ɗora ta. Rijiyar gaba da nisa, ba za ta kai ba."

Ya koma da baya saboda mu, tafiyar da ta cinye masa yini. Da muka isa rijiya na sauka, kunya ta kama ni, na ga ba zai yiwu ya tafi hannu sake ba. Na zare munduwar da uwata ta ba ni, na ba babanka ya miƙa masa. Nan take fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Ni ɗan haya ne? Da haya nake yi da mun yi ciniki tun kafin ta hau. Kuna so ku saye mini ladana da tagulla?"

Ya kaɗa jakinsa ya tafi, ko addu'ar da muke yi masa bai tsaya ji ba. Mutum ya yi mini alheri tun hantsi, ni na sallame shi da ɓacin rai. Abin ya daɗe yana ci mini rai. Akwai abin da ba a biyansa da kome sai da "Allah ya saka", kuma wanda ya yi don Allah ya san haka.

Amma ka saurara da kyau, kai naka akasin wannan ne. Kai yanzu duk abin da aka ba ka kana cikin kayan nan, ka biya. Ko tulun ruwa ne aka ɗauko wa dokinka, ka sa hannu a aljihu. Mai jakin nan ba ya tsoronmu, mu ne abin tausayi, shi ya sa kyautarsa kyauta ce. Mai garin da ya sa aka kamo maka kaza, ba kai ya ba ba, bulalar da ke rataye a sirdinka ya ba. In kana son ka bambance, ka dubi idon mai bayarwa. Wanda ya ba ka don Allah fuskarka yake kallo, wanda ya ba ka don tsoro ƙasa yake kallo, yana jiran ka tashi. Kayan aro ba ya rufe katara, Na-Tsohuwa, wata rana Turawa za su karɓi hularsu, ka koma bin hanyoyin nan kamar kowa.

Yanzu na zo inda nake so in zo. Malam Habu ya sunkuyar da kai, ni ma na juya masa baya. Rubuta, Malam, ai kai ma mace ce ta haife ka.

Bayan mun wuce Dungas nonona ya ƙafe. Ba mamaki, wadda ba ta ci ba me za ta bayar? Ka yi ta kuka yini guda, washegari muryarka ta dushe, daga nan ka yi shiru. Shirun nan ya fi kukan tayar mini da hankali. Maɗigarka ta loɓa, idanunka suka faɗa. Nakan tauna goriba in ɗiga maka ruwanta a baki, ya gangaro ta gefe. Ina tafiya ina kai hannu baya ina taɓa ƙafarka, in ji ko da sauran ɗumi.

Sai muka hango wata ruga gefen hanya, 'yan bukkoki, da gona da kara a tsaye, da shanu ramammu kwance gindin gawo. Babanka ya ce mu ratse mu roƙi madara ko cokali guda. Na ƙi. A daminar da ta wuce shanun wasu Fulani sun cinye mana wake, aka yi rigima, aka fasa wa babanka kai da sanda. Ka san tabon nan na goshinsa. Ba waɗannan ba ne suka yi, ko kusa, amma a wurina lokacin duk ɗaya ne. Na ce, "Gara in binne shi a bakin hanya da in durƙusa wa masu sanda." Da bakina na faɗa, kana bayana. Allah ya yafe mini. Babanka ya gaji, ba shi da ƙarfin gardama, muka kewaye rugar.

Mun kewaye ke nan muka yi kiciɓis da wata mace tana dawowa daga rijiya, ƙwarya a kanta, goyo a bayanta. Bafulatana ce, siririya, ba za ta girme ni da yawa ba. Na kawar da kai zan wuce. Ta tsaya a gabana. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba, ta zagaya bayana ta ɗaga zanen goyo, ta sa yatsa ta taɓa maɗigarka. Hausarta kaɗan ce. Ta ce, "Kawo shi."

Na ja da baya.

Ta ce, "Ke, kawo shi."

Ta sauke ƙwaryarta, ta zauna nan bakin hanya cikin rairayi, ta juyo da nata ɗan ta sa shi a dama, ta karɓe ka ta sa ka a hagu. Da farko ka kasa kamawa. Ta matsa ta ɗiga maka a leɓe, ta sake ɗigawa, tana yi maka magana da harshensu a hankali. Can sai ka kama. Na ji ƙarar haɗiyarka da kunnena. Ban san lokacin da na zube na fashe da kuka ba, a gaban babanka, a gaban matar da ban taɓa gani ba. Ran nan kunyar ɗan fari ta bar ni. Ina son ka, Na-Tsohuwa, tun ran nan har yau, ko da ba ka taɓa ji daga bakina ba.

Ta kai mu rugar da na ƙi shiga. Ba wanda ya tambaye mu daga ina, ba wanda ya tambaye mu sai yaushe. Aka share mana bukka. Su ma ba wani abu gare su ba, shanun sun ƙafe, wasu in sun kwanta ba sa iya tashi sai an taru an ɗaga su, wani ya kama ƙaho wani ya kama wutsiya. Aikin da babanka ya riƙa taya mijinta ke nan kowace safiya, da jan guga. Ɗan nonon da aka tatsa sai a tsinka shi da ruwa a dama da dusa, a miƙo mini ƙwarya tun kafin masu gida su sha, wai don nawa ya dawo. Ban ce na ƙoshi ba wannan karon.

Ita kuwa ta ci gaba da shayar da ku, ku biyu, safe da rana da maraice. Ɗanta namiji ne, tsaranka, in ya girme ka bai fi da wata ɗaya ko biyu ba. Da farko bai yarda ba, in ya ga an sa ka sai ya yi ta ihu yana tokare ka da ƙafa. Muna dariya muna cewa mai gida ya ƙi baƙo. Da kwanaki suka tafi ya saba, har yakan kama kunnenka da hannu yana sha, kai ma ka kama nasa.

Akwai abin da na gani, ban faɗa wa kowa ba sai babanka. Nonon da Allah ya yi don yaro ɗaya ne, a shekarar yunwa, aka raba shi biyu. Kai kana cikowa, shi hannuwansa suna sirancewa. Ita ma ƙasusuwan wuyanta suka fito. Surukarta takan zauna tana mita da Fulatanci, ban ji abin da take cewa ba, amma na san a kanmu ne, kuma ban ga laifinta ba. Matar takan ba ta amsa da kalma guda, ta gyara muku zama. Na gani da idona, na yi shiru, don ina son ka rayu. Da na ce ta bari, na san ba za ta bari ba, amma ko faɗa ban yi ba.

Yaran rugar suna ce mata Adda, ni ma na bi su. Ita tana ce mini Baƙuwa. Wata rana muna zaune ta nuna ka da baki ta ce, "Sunansa?" Na sunkuyar da kai. Ta dube ni, sai ta fashe da dariya, ta nuna nata ɗan, ta rufe bakinta da hannu. Ashe shi ma ɗan fari ne, su kuwa kunyarsu ta fi tamu. Muka yi ta dariya har da hawaye, mata biyu da 'ya'ya biyu, ba wadda ke iya faɗin sunan nata. Abin ya ba mu dariya ran nan. Da na san abin da zai jawo, da na aika babanka ya tambayo a wurin maza. Shi ma Baffa kawai yake ce wa mijin.

Da nonona ya dawo muka yi shirin tafiya, don zaman ya isa haka. Da hantsi ta raka mu har bakin hanya, ta rataya mini ɗan gora da nono a ciki. Ta karɓe ka ta ba ka sha na ƙarshe a tsaye, ta tofa maka addu'a a ka, ta ɗaure mini kai a baya da hannunta, ta ja zanen ta tamke yadda ban taɓa iyawa ba. Munduwar tana hannuna, amma na riga na yi hankali, ban taɓa ta ba. Na ce, "Adda, Allah ya saka."

Ta ce, "Je ki, Baƙuwa, rana na yi."

Na ɗauka hanya tana nan, ruga tana nan, in mun dawo zan tsaya in tambayi komai a tsanake. Wannan ne babban kuskurena. Muka daɗe a ƙasar Kano, da za mu dawo muka biyo ayari ta Magariya. Sai bayan an haifi ƙanwarka, da gona ta yi kyau, muka ɗauki damin gero da sabon zane, ni da babanka, muka koma neman ta. Mun sami gawon. Mun sami rijiyar, ta rufta. Inda shanu suke kwana wani ya nome, geron wurin ya fi na ko'ina tsawo. Muka shiga ƙauyen kusa muna tambaya. Suka ce, "Fulanin nan? Ai yunwa ta watsa su. Wasu sun yi gabas, wasu suna nan cikin ƙasar, sun sake wuri."

Na ce, "Ina neman wata da ake ce wa Adda, mijinta Baffa."

Wani tsoho ya yi murmushi ya ce, "Baiwar Allah, wace ruga ce babu Adda da Baffa?"

Muka bi rugage har geron ya ƙare a sadaka, ba mu same ta ba. Zanen yana nan cikin adakata, ban taɓa ɗaura shi ba. Don haka in mutum ya yi maka alheri a hanya, ka tambayi sunansa da na ubansa da garinsu tun kafin ka juya baya, kada ka ce sai ka dawo. Shekara da shekaru ina yi wa matar nan addu'a bayan kowace salla, abin da nake iya cewa kawai shi ne, Allah kai ka san ta.

Malam Habu ya ajiye alƙalami ya ce in tsaya ya faɗi nasa. Ya ce a shari'a matar nan uwarka ce, mijinta ubanka ne, duk 'ya'yan da ta haifa, na gaba da na baya, maza da mata, 'yan'uwanka ne kamar waɗanda na haifa. Na ce masa na sani, Malam, shi ya sa na taso ka. Saboda haka in ka je can ka ga 'yan matan Fulani masu tallan nono, ka kama idonka, ka tambayi asali tukuna, kada ka kai kuɗin gaisuwa gidan ƙanwarka. Na san halinka, ƙannenka suna ba ni labari.

Ban sani ba ko yaron nan ya rayu. Wannan ita ce tambayar da ke kwana da ni tana tashi da ni. Mun bar shi da rama, kuma ruwa bai sauka ba sai da aka ƙara jimawa. In bai rayu ba, to ka san abin da aka biya kafin ka tsaya da ƙafarka. In kuwa ya rayu, yau namiji ne tsaranka, mai ƙarfi, irin wanda mai gari ke nunawa in an ce ya kawo mutanen aikin hanya, irin wanda ake kama wa saniya in lanho bai cika ba. Ba zan iya ce maka dogo ne ko gajere ba. Ban ga wata alama a jikinsa da zan ba ka ba. Kowane ɗaya daga cikinsu zai iya zama shi, kowace tsohuwa da za ta fito daga bukka tana riƙe maka linzami tana roƙo za ta iya zama ita.

Don haka ga abin da nake roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka kome ba. In ka doshi ruga ko ƙauye a ƙasar nan, ka sauka daga doki tun daga nesa, ka yi sallama, ka jira a amsa. Kada ka bari a yanka maka dabbar kowa. Na ba mai kawo takardar nan garin fura da ƙuli-ƙuli ya kawo maka, in sun ƙare ka aiko, gwiwata tana iya daka har yanzu. Na san ba duk umarni za ka iya ƙi ba, ba kai ke da kanka ba. In an ba ka igiya, ka sassauta ɗauri. In kuna tafiya rana ta yi zafi, ka tsaya gindin itace, ka ba su gorarka su sha kafin ka sha. Ka tambayi kowane ɗaya sunansa da inda aka haife shi, ko Allah zai sa ka yi abin da na kasa.

In kuwa ranar ta zo da aikin nan ba zai yiwu ba sai ka daki mutum a gaban uwarsa, ka cire hular ka ajiye musu, ka kamo hanyar Waca. Gonar babanka tana nan, ko ba ta ba da yawa ba ta ba da na tuwo. Ba wanda zai yi maka dariya a gidan nan. Ni da kaina zan fito in tare ka, kowa yana gani.

Allah ya raka ka, ya sauƙaƙa maka rana, ya kare ka daga ciwo da sharrin hanya da bakin mutane. Allah ya haɗa ka da masu alheri kamar yadda ya haɗa ni da su, ya sa kada su ji tsoronka. Ya dawo mini da kai da hannu mai tsabta. Ita kuma, in tana duniya Allah ya ba ta mai jinƙanta, in ta riga mu ya sa aljanna ce makomarta. Shi kuwa ɗan'uwanka da ya matsa maka wuri bai san ka ba, in yana raye, Allah ya tsare shi daga yunwa da ƙishirwa, ya tsare shi daga hannunka.

Wassalam.

Ni ce Yayarka, a Waca.